Zaɓen Kebul Ɗin Kwamfuta: Inda Ya Kamata a Kashe Kuɗi da Inda Mai Araha Ya Wadatar

Duk wanda ya shiga kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja, da niyyar sayen kebul, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce wane baki yake so. Tambaya ce mai kyau, amma rabin magana ce kawai, domin a yau kebul biyu za su iya zama da baki iri ɗaya, launi ɗaya, tsawo ɗaya, alhali ɗaya yana iya cajin laftof tare da kai hoto zuwa babban allo, ɗayan kuwa da ƙyar yake cika batirin ƙaramar waya. Siffar baki tana nuna ramin da kebul zai shiga ne kawai, ba ta nuna abin da ke cikin robar. Saboda haka zaɓi mai kyau yana farawa da sanin aikin da ake so a yi, da duba ramukan na'urorin biyu da za a haɗa, sannan a zo maganar farashi.

USB ne ya fi cancanta a daɗe a kansa, domin shi ya fi yawa a hannun mutane kuma shi ya fi rikita mai saye. Tsarin ya fito a 1996, kuma tun daga lokacin abubuwa biyu suke canjawa, kowanne a kan hanyarsa: siffar baki da kuma saurin ɗaukar bayanai. Ta fuskar siffa, akwai faffaɗan bakin nan mai kusurwa huɗu da ake kira USB-A, wanda ke jikin filash da maus da kibod. Akwai USB-B mai kama da murabba'i, wanda kusan duk firinta ta ofis take amfani da shi. Akwai Micro-USB, ƙaramin bakin da ya mamaye wayoyin Android na shekaru masu yawa, wanda har yanzu ake samu a jikin ƙananan wayoyi da fitilun caji da rediyoyi. Sai kuma USB-C da aka fitar a 2014, mai fil 24 a ciki, wanda ke shiga ta kowace fuska aka juya shi.

Ta fuskar sauri kuwa, USB 2.0 na shekarar 2000 yana kai megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 na 2008 ya kai gigabit 5, wanda ya biyo bayansa a 2013 ya kai gigabit 10, USB4 na 2019 kuma ya kai gigabit 40. Bambancin a aikace yake bayyana: mai ɗaukar bidiyon biki da ke son kwashe fayil mai gigabait 10 zai jira kimanin minti 5 a kan USB 2.0, amma a kan USB 3.0 da ma'ajiya mai sauri aikin ba zai kai minti ɗaya ba. A bakin USB-A ana iya gane bambancin da ido. Idan aka ɗaga shi zuwa haske aka leƙa ciki, na 2.0 yana da layukan ƙarfe 4 ne kawai a kan harshe fari ko baƙi, na 3.0 kuwa galibi harshensa shuɗi ne, kuma can ciki akwai ƙarin ƙananan fil 5. Shuɗin launi kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu sun daɗe da sanin cewa mutane launi suke dubawa. Fil ɗin nan 5 su ne shaida.

A bakin USB-C wannan dabarar ba ta aiki, kuma nan ne mafi yawan asara take faruwa. Kebul ɗin USB-C da ke zuwa a kwalin yawancin wayoyi saurin USB 2.0 gare shi, ko da wayar mai tsada ce. Ko iPhone 15, wadda da ita ce Apple ya bar bakin Lightning ya koma USB-C a 2023, ƙaramar cikinsu a kan saurin 2.0 take, samfurin Pro ne kawai ke kai gigabit 10, shi ma sai an haɗa shi da kebul ɗin da ya iya. Haka lamarin yake a wajen wuta. Kebul ɗin USB-C na gama-gari yana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60 ke nan a kan bolt 20. Wanda zai wuce haka, ya kai wat 100 ko wat 240 da aka ƙara a 2021, dole ne ya kasance da ɗan ƙaramin guntun lantarki a cikin bakinsa, wanda ke shaida wa caja cewa zai iya ɗaukar amfiya 5. Idan babu wannan guntu, caja mai wat 100 za ta tsaya a kan 60 ne, mai laftof kuma ya yi ta zargin cajar ko batirin, alhali kebul ne ya taƙaita shi.

Shawarata ga mai sayen USB-C ita ce ya nemi lambobi biyu a jikin kwali ko a kan bakin kebul: adadin wat da adadin gigabit. Wanda cajin waya kaɗai yake so, kebul mai wat 60 da saurin 2.0 ya ishe shi, kuma bai kamata ya biya kuɗin abin da ba zai amfana da shi ba. Wanda zai caja laftof mai cin wuta, ya nemi mai wat 100. Wanda zai haɗa ma'ajiyar waje mai sauri ko allo, ya nemi mai gigabit 10 zuwa sama, kuma ya sani cewa irin waɗannan galibi gajeru ne masu kauri, domin sauri mai yawa ba ya jure dogon zango. Thunderbolt na kamfanin Intel, wanda tun sigarsa ta 3 a 2015 yake amfani da bakin USB-C, yana ɗauke da alamar walƙiya, yana kai gigabit 40, kuma yana yin duk ayyukan nan a lokaci guda. Sai dai tsadarsa ba ta da amfani idan ramin laftof ɗin bai san shi ba. Kebul ɗin da babu ko lamba ɗaya a jikinsa, a ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin daraja har sai an gwada.

USB-C zai ci gaba da mamaye kasuwa, musamman tun da dokar Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024, kuma kamfanoni ba sa son ƙera kaya iri biyu. Duk da haka Micro-USB bai tafi ba tukuna, kuma matsalarsa daban ce. Da yawa daga cikin masu araha wayoyin wuta biyu ne kawai a cikinsu, babu na bayanai, shi ya sa mutum zai jona waya da kwamfuta ya ga tana caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba. Sannan siririn kebul mai tsawo yana zubar da wuta a hanya, don haka mita ɗaya mai kauri ya fi mita 3 siriri saurin caji a kan caja guda. Ga firinta kuwa, kowane USB-B mai lafiya ya isa, muddin bai wuce mita 5 ba, wanda shi ne iyakar USB 2.0.

Idan aka koma ga kai hoto zuwa allo ko majigi, zaɓi huɗu ne a gaban mai saye, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. VGA, shuɗin bakin nan mai fil 15 da kusoshi biyu na ɗaurewa, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. Yana aika hoto ne a matsayin igiyar lantarki mai hawa da sauka, ba a matsayin lambobi ba, don haka duk wani rauni na kebul a kan allo yake fitowa: rubutu ya yi inuwa, layuka su riƙa rawa, ko kuma fil ɗaya ya lanƙwashe sai gaba ɗaya allon ya koma ruwan hoda ko kore. Ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Tun a 2010 Intel da AMD suka sanar cewa za su daina tallafa masa, amma a makarantunmu da ofisoshinmu yana nan daram, saboda tsofaffin majigi da allunan da aka shigo da su na hannu har yanzu suna aiki. Ban ga dalilin jefar da allo mai lafiya don kawai VGA gare shi ba, amma ban ga hikimar sayen sabon abu a yau wanda VGA kaɗai yake da shi ba. DVI na 1999, farin baki mai faɗi, shi ma ya wuce zamani, sai dai hotonsa na lambobi ne, don haka inda allo yake da VGA da DVI duka, DVI ya fi fitar da rubutu tas, kuma ɗan ƙaramin mahaɗi ya isa ya mai da shi HDMI.

Gasar gaskiya tsakanin HDMI ne da DisplayPort. HDMI ya fito ne daga masu ƙera talabijin a ƙarshen 2002, yana da fil 19, yana ɗaukar hoto da sauti tare, kuma shi ne a jikin talabijin da dikoda da majigi da kusan kowace laftof. Sigar 1.4 ta 2009 tana nuna hoton 4K sau 30 a daƙiƙa, sigar 2.0 ta 2013 mai gigabit 18 ta kai shi sau 60, sigar 2.1 ta 2017 kuma ta kai gigabit 48. DisplayPort ya fito ne a 2006 daga ƙungiyar VESA, don kwamfuta aka yi shi, kuma an fi ganinsa a bayan manyan kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo, waɗanda da yawansu ramin DisplayPort biyu gare su ba tare da HDMI ko ɗaya ba. Ya yi kama da HDMI sosai, amma kusurwa ɗaya kawai aka yanke masa maimakon biyu, kuma galibi yana da ɗan makulli da sai an danna kafin a zare. Wanda bai sani ba ya ja da ƙarfi yana iya ɓalle ramin gaba ɗaya. Fifikonsa shi ne saurin sabunta hoto ga masu zane da masu wasannin kwamfuta, da kuma damar jera alluna biyu ko uku a kan rami guda idan allunan sun yarda da hakan. Ga falo da ɗakin taro da aji, HDMI ne zaɓi. Ga teburin aiki mai alluna biyu, DisplayPort ya fi dacewa inda yake akwai.

A nan ne nake ganin mutane suna kashe kuɗi a banza. Gajeren kebul ɗin HDMI na mita ɗaya ko biyu, ko dai ya kai hoton cikakke ko kuma ya nuna gazawarsa a fili ta hanyar ɗauke hoto da ƙyalƙyali. Babu wani matsayi na tsakiya da zai sa launi ya fi kyau don an shafa wa baki ruwan zinariya. Abin da ya kamata a duba shi ne rubutun da ke jikinsa: High Speed ya wadatar da dikoda da hoton 1080, Premium High Speed na 4K ne, Ultra High Speed kuma na sigar 2.1 ne, wadda kaɗan ne suke buƙatarta. Inda kuɗi yake da amfani shi ne tsawo. Idan zango ya wuce mita 10 zuwa 15, kamar a masallaci ko zauren lacca inda majigi ke rataye a rufi, kebul na gama-gari yana fara kasawa, sai a nemi HDMI mai zaren gilashi a ciki, ko na'urori biyu da ke ɗora hoton a kan kebul ɗin intanet su sauke shi a ɗaya ƙarshen. Mai zaren gilashi yana da alkibla, an rubuta ƙarshen da ke zuwa kwamfuta da wanda ke zuwa allo, kuma wajibi ne a duba wannan kafin a rufe silin.

Maganar alkibla ta shafi na'urorin sauya baki ma. Mai sauya HDMI zuwa VGA ba ya aiki da baya. Wanda yake da sabuwar laftof da tsohon majigi shi yake buƙata, wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta da sabon talabijin akasinsa yake buƙata, kuma wannan na biyun yana neman ƙarin wuta da wayar sauti. Daga DisplayPort zuwa HDMI kebul mai sauƙi ya kan isa, amma daga HDMI zuwa DisplayPort sai da na'ura mai ƙarfin kanta. Haka nan, ba kowane ramin USB-C ne yake fitar da hoto ba. Ƙananan laftof da yawa bayanai kaɗai ramin nasu yake ɗauka, don haka kafin a sayi mahaɗin USB-C zuwa HDMI a duba gefen ramin ko akwai alamar walƙiya ko harafin D, ko kuma a karanta bayanin samfurin.

Kebul ɗin intanet, mai bakin roba garai-garai da ake kira RJ45, shi ne wanda kuskure a cikinsa ya fi tsada, domin bango ake fasawa a binne shi, kuma ba a son a sake fasawa bayan shekara biyu. A cikinsa akwai ƙananan wayoyi 8 da aka murɗa biyu-biyu. Cat5e yana kai gigabit 1 har tsawon mita 100. Cat6 yana yin haka, yana kuma kai gigabit 10 a zangon da bai wuce mita 55 ba. Cat6a yana kai gigabit 10 a cikakken mita 100, amma ya fi kauri da tauri da tsada. Ga shagon buga takardu, ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ko cibiyar rubuta jarrabawar JAMB inda kwamfutoci da yawa ke magana da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, Cat6 ne ya fi daidaita kuɗi da amfani. Cat5e na gaskiya ma bai gaza ba, kuma ya fi Cat6 na jabu nesa ba kusa ba.

Jabun da ake magana a kai shi ne wanda ake rubuta wa CCA, wato alminiyam da aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe. Alminiyam kimanin kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, yana karyewa idan aka lanƙwasa shi sau da yawa, kuma ƙa'idojin da suka tsara Cat5e da Cat6 ba su amince da shi ba, ko da an buga sunan a jikin kwali. Gane shi ba wuya. A feɗe robar waya guda, a kankare ƙarfen da bakin wuƙa: idan jan launin ya ci gaba har ciki, jan ƙarfe ne, idan fari mai sheƙi ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ne. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe ma ya fi nauyi sosai a hannu. A ɗan gajeren zango cikin ɗaki ɗaya CCA yana iya yin aiki, amma ga kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi da ke shan wuta ta cikin kebul ɗin kansa, wanda ƙa'idar 2003 ta ba su wat 15.4, ta 2009 ta kai 30, ta 2018 kuma har 90, alminiyam yana zafi yana zubar da wuta, sai kyamara ta riƙa mutuwa da dare a daidai lokacin da fitilunta na ganin duhu suka kunna. Arahar da aka samu a kwali, a kuɗin ma'aikaci na biyu take ƙarewa.

Akwai wasu abubuwa biyu da yanayinmu ya sa dole a kula da su. Kebul na cikin ɗaki, mai roba shuɗiya ko toka-toka, idan aka ja shi a kan katanga rana za ta busar da robar ta tsattsage, don haka na waje baƙi mai jure rana ake nema, ko kuma a zura shi a bututu, wanda zai kare shi daga ɓeraye ma. Sannan haɗa gini biyu da kebul ɗin ƙarfe yana buɗe wa tsawa hanya a lokacin damina, ta ƙona na'urorin ɓangarorin biyu. Inda hali ya yi, zaren gilashi ya fi aminci a tsakanin gine-gine tun da ba ya ɗaukar wuta. Idan kuma aka gama aiki kwamfuta ta nuna saurin megabit 100 maimakon gigabit 1, galibi waya ɗaya ce daga cikin 8 ɗin ba ta zauna da kyau a baki ba, domin megabit 100 da wayoyi 4 yake aiki, gigabit kuwa sai da dukkansu.

Ƙananan kebul ba sa buƙatar dogon tunani. Bakin sauti mai milimita 3.5, idan zobe biyu gare shi na ji ne kawai, idan uku ne har da makirufo. A bayan babbar kwamfuta koren rami na lasifika ne, ruwan hoda na makirufo. SATA, siririn kebul mai fil 7 da ke haɗa ma'ajiya a cikin kwamfuta, kowanne mai lafiya ya isa, mai ɗan makullin ƙarfe ya fi zama daram. Zagayayyun bakunan PS/2 na tsofaffin kibod da maus, USB ya riga ya maye gurbinsu.

Wayar wuta ce aka fi rainawa, kuma ita ce ke iya tayar da gobara. Babbar kwamfuta da allo da firinta suna amfani da baki mai ramuka uku da ake kira C13, cajar laftof kuma tana amfani da C5 mai da'irori uku ko C7 mai siffar lamba 8. A Najeriya soket ɗin bango irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu kusurwa, a kan bolt 230, kuma filogi na gaskiya yana da fis a cikinsa. A Nijar an fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na ƙasashen Turai. Laftof na hannu da aka shigo da su daga Amurka suna zuwa da filogi mai ƙafa faffaɗa, kuma maimakon a riƙa cusa shi a sako-sakon adafta mai tartsatsi, gara a sayi sabuwar wayar da ta dace da soket, bayan an tabbatar an rubuta 100 zuwa 240 a jikin cajar. Wayar wuta ta jabu ba ta da nauyi, filoginta ƙarami ne babu fis, wani lokaci ƙafar ta uku ba a haɗa ta da komai ba, kuma tana ɗumi a hannu bayan ɗan lokaci. Wadda ta yi ɗumi a kan kwamfuta guda a cire ta nan take.

Ga cajar laftof mai zagayayyen baki, bolt dole ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin, ko 19, ko 19.5, ko 20, amfiya kuwa tana iya fin haka amma kada ta gaza. Bakunan HP da Dell suna kama da juna har ɗaya ya shiga ramin ɗaya, sai dai ɗan siririn fil ɗin tsakiya shi ke shaida wa laftof ƙarfin cajar, kuma Dell idan bai gane caja ba yana iya ƙin cika batir ya kuma rage saurin aikinsa. Cajar nan mai bakuna da yawa da maɓallin sauya bolt tana da amfani a teburin mai gyara, amma ba ta dace da amfanin yau da kullum ba, domin maɓallin yana iya gocewa zuwa bolt 24 a cikin jaka ba tare da an lura ba. Wanda zai sayi caja ya tafi kasuwa da laftof ɗin kanta, a jona a gabansa, ya ga alamar batir ta nuna tana cika ba tare da wani gargaɗi ya fito a allo ba, sannan ya biya kuɗi.